Ƙanena mai taɓin hankali ya haura shekara a gidan yari, ba shari'a ba magani

Anti, assalamu alaikum. Daga jihar Kano nake rubuto miki. Ƙanena ne, shekararsa 27. Tun yana ajin ƙarshe a sakandare ciwon taɓin hankali ya kama shi, muka kai shi asibiti, aka ɗora shi a kan ƙwayoyi da allurar wata-wata. Idan yana kan magani ba za ki ce yana da wata lalura ba, har ɗinki yake yi a shagon wani. Bayan rasuwar Babanmu kuɗin magani ya gagare mu, ya yi wata huɗu ba allura. Wata rana da asuba ya ɗauki taɓarya ya buga wa maƙwabcinmu a ka, wai muryoyi ne suke gaya masa mutumin zai yanka Ummanmu. Allah ya sa da sauran kwana, mutumin ya yi sati uku a asibiti ya warke. 'Yan sanda suka kai ƙanena kotun majistare da tuhumar yunƙurin kisan kai. Alƙali ya ce a tsare shi a gidan yari, a kai shi likita ya duba ƙwaƙwalwarsa. Yau wata 14 ke nan, ba a kai shi wurin likita ba, kuma duk ranar da muka je kotu sai a ce ana jiran shawara daga ma'aikatar shari'a. Da na ziyarce shi watan jiya bai gane ni ba, ya rame, yana ta magana shi kaɗai. Baffanmu ya ce a bar shi can, hankalin kowa ya fi kwanciya. Umma kuwa kullum cikin kuka take. Ni kuma, in faɗa miki gaskiya, ina so ya fito amma ina tsoron ya dawo gida. Akwai hanyar da za a sa kotu ta sake duba wannan tsarewar? Kuma laifi ne wannan tsoron da nake ji?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ƙanenki lafiya, ya sanyaya wa Umma zuciya.

Tsoron da kike ji ba laifi ba ne. Kin ga jini a ƙofar gidanku da asuba, kuma kin san abin da ya jawo shi bai warke ba. Wanda ya ce miki kada ki ji tsoro bai kwana a gidan ba. Abin da nake so ki cire daga ranki shi ne tunanin cewa wuri biyu ne kawai ake da su, ko gidan yari ko ɗakin Umma. Akwai na uku, gadon asibiti a hannun likitan ƙwaƙwalwa, kuma shi doka ta nufa da mutum irin ƙanenki tun daga ranar farko. Duk faɗi-tashin da za ku yi, can za ku fara nufa da shi. Maganar dawowa gida tana gaba, sai likita ya ce lokaci ya yi.

Hanya kuwa akwai ta. Babban makaminku ma yana cikin wasiƙarki: alƙali ya ba da umarnin a kai shi likita, ba a kai shi ba. Wannan umarnin kotu ne da aka bari a ƙasa wata 14. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ware babi guda, daga sashe na 278 zuwa na 292, a kan wanda ake tuhuma alhali ana shakkar hankalinsa. Ta ce idan kotu ta ga alamar mutum ba zai iya kare kansa ba saboda lalurar ƙwaƙwalwa, ta sa likita ya duba shi, a ajiye shi a wurin da ya dace na tsawon da bai wuce wata ɗaya ba, likitan ya rubuto wa kotu abin da ya gani kafin wa'adin ya cika. In bai kai ga matsaya ba, shi zai nemi ƙarin lokaci a rubuce, ƙarin ma yana da iyaka. Jihar Kano ta yi tata dokar a 2019 a kan wannan tsari, ita ce za a yi aiki da ita a shari'arku, lauya zai ciro sassan da suka dace. Ki lura da abin da ke cikin tsarin: kowace tsarewa tana da dalili a rubuce, tana da ranar ƙarewa, tana da alƙalin da za a koma gabansa. Ta ƙanenki ta rasa biyun ƙarshe.

Kundin tsarin mulki na 1999 ma bai yi shiru ba. Sashe na 35 ya yarda a tsare mai taɓin hankali, amma ya faɗi dalili: don a kula da shi, a yi masa magani, ko a kare jama'a. Sashen ya kuma ce wanda aka tsare bisa zargin laifi, in an yi wata biyu ba a yi masa shari'a ba, a sake shi ko da bisa sharaɗi ne. An togace wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Maƙwabcinku yana raye, alhamdu lillahi, don haka lauyanku yana da ƙasa mai ƙarfi da zai tsaya a kai.

To me ya sa abin ya maƙale? Kotun majistare ba ta da hurumin yin shari'ar yunƙurin kisan kai, aikin Babbar Kotu ne. 'Yan sanda kan kai mutum gaban majistare da takardar ƙararsu, wadda ake ce wa FIR, don kawai a sami izinin tsare shi. Daga nan ya kamata su aika kundin bincike ma'aikatar shari'a, lauyoyin gwamnati su karanta su ce ko akwai hujjar gurfanar da shi. A tsakanin caji ofis da ma'aikatar ne fayil kan yi barci. Wani lokaci ba a aika ba sam, wani lokaci ɗan sandan da ya yi binciken an canza masa wurin aiki, wani lokaci an aika amma yana ƙarƙashin tulin wasu. Shi kuma kai mutum asibiti yana buƙatar mota da mai da gandirobobin rakiya da kuɗin kati, kowa sai ya ɗauka aikin wani ne. Ɗaurarre mai hankali yakan yi ta aike gida, ya tare jami'in walwala, ya ɗaga hannu idan baƙi sun zo ziyara. Ƙanenki ba zai iya ko ɗaya ba. Bai ma san watan da ake ciki ba. In ba ku kuka zama bakinsa ba, babu mai tunawa da shi, ba don mugunta ba, sai don babu wanda ya taɓa ƙofa.

Na taɓa zama a bencin wata kotu kusa da wata dattijuwa, tana riƙe da baƙar leda a ƙirjinta kamar jariri. A ciki akwai katin asibitin ɗanta, ya tsufa har ya yi laushi, da kwalayen magani da ta ajiye bayan sun ƙare, da rasit-rasit da ta ɗaure da kyauro. Ta yi shekara tana zuwa da ledar nan, ba wanda ya taɓa ce mata ta buɗe, ita kuma ba ta san wa za ta nuna wa ba. Ranar da wani matashin lauya ya zauna ya buɗe ta, a ranar shari'ar ta soma motsi. Ina tuna ta duk lokacin da irin wasiƙarki ta zo mini, domin na san a gidanku ma akwai irin wannan ledar.

Ki nemo ta yau. Katin asibiti, takardun rubuta magani, kwalayen ƙwayoyi, katin da ake sa hannu ranar allura. Ki je asibitin da yake zuwa, sashen ajiye fayil, ki nemi a rubuta muku rahoton likita: yaushe ya fara zuwa, wane ciwo aka gano, wane magani yake sha, yaushe ya daina zuwa. Wannan rahoton zai nuna ciwon ya riga laifin da shekaru, ba bayan an kama shi aka ƙirƙiro shi ba. Ki kuma rubuta sunayen waɗanda suka ga yadda ya canza a watanni huɗun nan, mai shagon ɗinkin da limamin unguwa da duk wanda ya gan shi yana surutai a hanya. Daga nan ki je wurin rajistaran kotun, ki karɓi lambar shari'ar, ki nemi kwafin da aka buga wa hatimi na bayanan zaman kotu, musamman na ranar da alƙali ya ce a kai shi likita. Akwai kuɗin da ake biya a hukumance, ki biya ki karɓi rasit. Duk takardar da za ki miƙa a ko'ina, ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a kan naki.

Sai lauya. Kada rashin kuɗi ya tsayar da ku. Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, aikinta ke nan, kare marasa ƙarfi kyauta, kuma tana da ofis a Kano. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ma tana karɓar koke a kan tsarewar da ta wuce ƙa'ida, haka reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA yana da masu ɗaukar irin wannan aiki don Allah. Ki je da takardunki a jere, ki ba da labarin a taƙaice da kwanakinsa. Lauyan da aiki ya yi wa yawa ya fi saurin ɗaukar shari'ar da aka kawo masa a shirye.

Abin da zai fara yi shi ne ya koma gaban majistaren ya tunatar da shi umarninsa, ya nemi a sabunta shi da sunan asibiti, da ranar kaiwa, da ranar dawowa da rahoto. Umarnin da ya ce “a kai shi likita” kawai, shi ne wanda ake mantawa da shi. Wanda ya ambaci wuri da rana, akwai wanda zai amsa tambaya idan ba a bi shi ba. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a Kaduna kuma akwai na tarayya da ke Barnawa. A lokaci guda lauyan ya rubuta wa daraktan gabatar da ƙararraki na ma'aikatar shari'a, ya tambaya ko fayil ya iso, in bai iso ba a bi shi caji ofis. In wannan bai yi ba, sai Babbar Kotu: ko neman beli bisa sharaɗin kwantar da shi a asibiti, ko ƙarar kare haƙƙi ƙarƙashin sashe na 46 na tsarin mulki. Ƙa'idojin irin wannan ƙara na 2009 sun ba ɗan'uwa damar shigar da ita a madadin wanda ke tsare, ke ma za ki iya yin takardar rantsuwar, tunda shi ba zai iya ba.

Akwai wata ƙofar da mutane da yawa ba su sani ba. Wata doka ta 1977 ta ba Babban Jojin jiha ikon shiga gidan yari ya duba masu jiran shari'a, ya saki wanda tsarewarsa ta saɓa doka ƙarara, ko wanda ya zauna fiye da hukuncin da za a iya yanke masa. Kafin irin wannan ziyara akan tattara sunaye. Lauyanku ya rubuta wa ofishin Babban Joji, ke kuma ki ga jami'in walwala na gidan ki roƙi a sa sunansa. Ko ba a sake shi ba, kuma ni ba sakinsa kan titi nake nema masa ba, idon Babban Joji a kan fayil yakan tayar da shi daga barci.

Yanzu ki saurare ni da kyau a nan, domin a nan iyalai kan ruɗe. Tambaya biyu ce a gaban kotu, kuma ba ɗaya ba ce. Ta farko: yau, a halin da yake ciki, zai iya fahimtar tuhumar ya kare kansa? In ba zai iya ba, shari'a takan tsaya har ya samu sauƙi, ba wanke shi aka yi ba. Ta biyu: a asubar da ya ɗaga taɓaryar, ya san abin da yake yi, ya san laifi ne? Sashe na 51 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya ce ba laifi ba ne abin da mutum ya aikata alhali taɓin hankali ya hana shi sanin haƙiƙanin aikin, ko sanin cewa ba daidai ba ne ko ya saɓa doka. Addininmu ya riga faɗin haka: an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Sai dai a kotu ɓangaren wanda ake tuhuma ne zai kawo hujjar ciwon, shi ya sa na matsa miki a kan ledar nan. Kuma ki gaya wa lauya gaskiya tsirara. In ƙanenki ya taɓa shan wiwi ko wasu ƙwayoyi, ki faɗa masa tun yanzu, domin doka ta bambanta ciwo da mayen da mutum ya jawo wa kansa, kuma gara lauya ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin mai gabatar da ƙara.

Ga abin da ba kowa zai gaya miki ba. Ko kotu ta yarda ba ya cikin hankalinsa a ranar, ba lallai ya tafi gida ba. Kotu kan ba da umarnin a ajiye shi a wuri amintacce har sai hukuma ta ga dama, kuma irin wannan umarni ba shi da ranar ƙarewa. Mutane sun tsufa a bayan katanga ta wannan hanyar, wasu sun daɗe fiye da in da an same su da laifin an yanke musu shekaru. Don haka duk umarnin da za a bayar, lauya ya nace a rubuta asibiti ba gidan yari ba, a kuma rubuta cewa likita zai riƙa kawo rahoto lokaci-lokaci. Dokar ta 2015 ta kuma ba ɗan'uwa ko aboki damar neman a damƙa masa mara lafiyar, bisa lamunin zai kula da shi, ya hana shi cutar da kansa ko wani, ya kawo shi duk lokacin da aka neme shi. Wannan ita ce ƙofar fitarsa ta ƙarshe, amma ba yanzu ba.

Neman a riƙa waiwayar irin wannan tsarewa haƙƙi ne, ba alfarma ba. A 2003 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta sami ƙasar Gambiya da laifi a ƙarar Purohit da Moore, saboda tsohuwar dokarta tana kulle masu taɓin hankali ba tare da hanyar sake dubawa ko ɗaukaka ƙara ba. Yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, wadda aka yi hukuncin da ita, Najeriya ta mayar da ita dokar cikin gida tun 1983. Mu ma mun daɗe a ƙarƙashin dokar mahaukata ta 1958, gadon Turawan mulki, sai a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ɗauki irin ƙanenki a matsayin mara lafiya mai haƙƙi. Aiwatar da ita yana tafiyar hawainiya, abin yana ci mini rai, amma tana nan a rubuce kuma lauya zai iya kafa hujja da ita.

Shari'a tana da jinkiri, ciwo kuwa ba ya jira. A ziyararki ta gaba ki tafi da kwafin rahoton likita, ki nemi ganin ma'aikacin lafiya na gidan da jami'in walwala, ki nuna musu sunan maganin da yake sha. Ki tambaya ko za su karɓa idan kun saya, a riƙa ba shi a hannunsu. Amma wanda ya yi shekara da rabi ba magani, ba a mayar da shi kan tsohon awo da ka, sai likita ya sake gani. Ki kai masa sabulu da tufafi da abinci gwargwadon abin da aka yarda a shigar. Ki riƙa zuwa ko bai gane ki ba. Ma'aikata suna lura da wanda ake zuwa dubawa.

Maƙwabcinku fa, kun koma kun gaishe shi? An fasa masa kai ba da laifin komai ba, yana da haƙƙi a kanku. Ku je da mai unguwa ko liman, ku ba shi haƙuri, in da hali ku rage masa abin da ya kashe a asibiti ko da kaɗan-kaɗan ne. Kada ku matsa masa ya janye ƙara, ƙarar ta gwamnati ce ba tasa ba, kuma matsin zai iya zama wani laifin. Amma in shi da kansa ya yarda ya rubuta cewa ya san yaron mara lafiya ne, magani yake so a yi masa, takardar tana da nauyi a teburin Antoni Janar na jiha, wanda sashe na 211 na tsarin mulki ya ba ikon ci gaba da ƙara ko dakatar da ita. Ku kuma gaya masa gaskiyar shirinku, domin shi ma tsoron dawowar yaron yake ji, ya fi ki ma.

Baffa kuwa kada ki yi faɗa da shi. Tsoronku ɗaya, mafita ce kuka saɓa. Ki zauna da shi cikin ladabi ki nuna masa cewa zaman gidan yari ba magani ƙara wa ciwon ƙarfi yake yi, kuma duk daren daɗewa wata rana za a buɗe ƙofa a turo muku shi, a halin da ya fi na da muni. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kuna buƙatar Baffa ma, don kotu za ta so dattijo mai adireshi da zai tsaya lamuni. Abu ɗaya ne ban yarda ki sassauta a kai ba: in wani ya kawo shawarar a fito da shi a kai shi gidan mari, ki ƙi. Mun ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum sama da 300 a gida ɗaya, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Addu'a da ruƙiyya a yi masa su a gadon asibiti, ba sa hana allura, allura ma ba ta hana su.

Tun kafin ranar sallama ta zo, dangi su zauna a kan abin da ya kawo ku nan, wato wata huɗun da aka yi ba allura. A san wanda zai riƙa biyan kuɗinta kowane wata, da wanda zai riƙa raka shi asibiti, da ɗakin da zai kwana, da wanda za a kira da dare in an ga ya daina barci ko ya fara maganar muryoyi. A rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Alƙali zai so ganin wannan takardar, maƙwabcinku zai so jin labarinta, ke ma ita za ta rage miki tsoron da kika ambata. Kada ki ɗauki nauyin ke kaɗai don kawai ke ce kika iya rubuta wasiƙa.

Ranar Litinin ki fara da rajistaran kotu, ki fito da lambar shari'a da kwafin umarnin nan. Talata asibiti, Laraba ofishin agajin lauyoyi. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar da kika je, wanda kika gani, da abin da ya ce miki. Ki gaishe mini da Umma, ki ce mata ta ciro katin asibitin daga inda ta adana shi.